Ciwon Kan da Ke Tasowa daga Wuya Bayan Rauni: Matsayin Tausa a Jiyyarsa

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar abin da nazarce-nazarcen likitanci suka tabbatar game da ciwon kan da ke biyo bayan raunin wuya, da kuma gwargwadon amfanin tausa wajen magance shi. An gano cewa tausa tana sassauta tsoka, amma sau da yawa tushen ciwon yana cikin gaɓoɓin saman wuya. Don haka ba ta wadatarwa sai an haɗa ta da atisaye na musamman, bayan an tabbatar babu karaya.

1.0 Gabatarwa

A titunanmu, wanda ya faɗo daga babur ko aka bugi motarsa ta baya, muddin bai zubar da jini ba, barka da arziki kawai ake yi masa ya kama gabansa. Alhali a lokacin bugun kansa ya fizgu baya sannan ya dawo gaba da ƙarfi. Bayan kwana biyu sai wuya ya ƙage, ƙeya ta fara sara, ciwon ya hauro ta ɓangare guda har bayan ido. Daga nan sai kemis, sai man zafi, sai neman mai tausa.

Likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Norwe, Ottar Sjaastad, shi da abokan aikinsa ne suka keɓe irin wannan ciwo da suna nasa a 1983. Kundin rabe-raben ciwon kai na duniya, bugu na uku (2018), ya ɗauki ciwon da ya bayyana cikin kwana 7 bayan fizgewar wuya a matsayin wanda raunin ya haddasa, kuma idan ya haura wata 3 ana lissafa shi cikin masu daɗewa.

2.0 Yadda Ciwon Wuya Ke Komawa Kai

Jijiyoyi uku na saman wuya, C1 da C2 da C3, suna kai saƙonsu wuri guda a cikin laka tare da jijiyar tirajeminal mai kula da goshi da kewayen ido. Saboda wannan haɗuwa, ƙwaƙwalwa takan kasa bambance inda saƙon ya fito, sai majiyyaci ya dafe goshi alhali cutar tana ƙeya.

Tsoka tana da nata kason. Travell da Simons sun bayyana wasu ƙulle-ƙulle masu tauri da ke samuwa a cikin tsokar da ta ɗaure. Idan aka danna ƙullin da ke tsokar saman kafaɗa, majiyyaci yakan ji zafin ya haura gefen wuya zuwa tsakanin kunne da ido. Na tsokar da ta sauko daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji kuwa yana aika zafi goshi. Mai tausa da ya ƙware yana gane ƙullin da yatsa, yana kuma ganin majiyyaci ya zabura ya ce, "Nan ne!"

Sai dai ba nan zancen ya tsaya ba. Lord da Bogduk da abokansu a Ostireliya (1994) sun yi amfani da allurar kashe zafi a jijiyar da ke kula da gaɓar da ke tsakanin ƙasusuwan wuya C2 da C3. A cikin waɗanda ciwon kai ya fi addaba bayan fizgewar wuya, kashi 53 cikin ɗari daga wannan gaɓa ciwonsu yake. Ke nan a irin waɗannan, mai yiwuwa tsokar da ake ta murzawa ta ɗaure ne domin kare gaɓar da ta ji rauni, kuma za ta sake ɗaurewa muddin gaɓar ba ta samu sauƙi ba.

3.0 Tausa a Ma'aunin Bincike

Hujjar da ke goyon bayan tausa ita kaɗai ba ta da ƙarfi. Moraska da abokan aikinsa (2015) sun gwada tausar ƙulle-ƙullen tsoka a kan masu ciwon kai na ɗaurewar tsoka. Yawan tashin ciwon ya ragu, amma ya ragu haka nan ga waɗanda aka yi wa jiyyar kwaikwayo da na'urar da ba ta aiki.

Binciken da ya fi nauyi shi ne na Jull da abokanta, wanda aka buga a mujallar Spine a 2002. Sun bi mutum 200 masu ciwon kan da ke tasowa daga wuya har tsawon wata 12 bayan jiyyar mako 6. Motsa gaɓoɓin wuya da hannun ƙwararre, da kuma atisayen ƙarfafa tsokokin da ke can cikin gaban wuya, kowannensu ya rage yawan ciwon da tsananinsa, kuma sauƙin ya ɗore. Atisayen ba mai wahala ba ne: majiyyaci ya kwanta rigingine, ya gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa i, ya riƙe na daƙiƙa goma. A ra'ayin wannan maƙala, gurbin tausa shi ne ta sassauta wuya har majiyyaci ya iya yin wannan atisaye.

4.0 Sharuɗɗa Kafin a Taɓa Wuya

Al'ummarmu ta amince da masu ɗori, kuma ba a raina gudummawarsu a karayar hannu da ƙafa. Wuya kuwa daban yake, domin laka da jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa duk ta nan suka bi. Murɗa wuyan da ke da tsagewar ƙashi yana iya jawo shanyewar jiki nan take. Duk wanda ke jin jiri, ko gani biyu-biyu, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu, ko amai, asibiti ya kamata ya nufa a ɗauki hoto. Haka ma wanda ya kai shekara 65, ko da bai koka ba.

Akwai kuma tarkon magani. Shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko taramadol kwana 10 ko fiye, har sama da wata 3, shi kansa yana haifar da wani sabon ciwon kai a kan na farko.

Maƙalar tana kira ga asibitocin da ke karɓar waɗanda suka yi haɗari da su riƙa tambayar lafiyar wuya ko da babu rauni a fili, su kuma tura majiyyaci sashen gashin ƙashi tun ciwon bai cika wata 3 ba.