Bayan An Cire Gujiya: Aikin Kaka da Rani a Ƙasar Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne in ɗan taɓo tarihin aikin da kan biyo bayan cirar gyaɗa a arewacin Zamfara, watau tun daga ranar da aka tuge ta a gona har ranar da ta hau jirgi. Kafin in shiga, sai in nemi gafarar abokaina Kanawa. Mu a wajenmu gujiya muke ce wa gyaɗa, abin da ku kuke kira gujiya kuwa mu kwaruru muke ce masa. To, duk inda mai karatu ya ga na rubuta gujiya, gyaɗa nake nufi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, duk littafin tarihin da na buɗa sai in tarar ana lissafin tan nawa aka fitar, da kamfanonin da suka saya, amma da wuya a ambaci hannuwan da suka ɓare ta. Ni kuwa jikan mai ɓara ne ta wajen uwa, jikan ɗan dako ta wajen uba.

Garuruwan nan uku sun girmi cinikin gujiya nesa ba kusa ba. Ƙaura ta samo sunanta ne daga Namoda, jarumin Alibawan Zurmi wanda ya yi fice a yaƙe-yaƙen jihadi, har da cin Alƙalawa a 1808. Shinkafi kuwa kasuwarta ta Alhamis ta daɗe tana haɗa Zamfarawa da Gobirawa da Buzaye. Abin da ya juya al'amarin ƙasar shi ne hanyar jirgin ƙasa. Jirgi ya isa Kano a 1911, shekara ɗaya bayan haka cinikin gyaɗa ya ɓarke a can. Reshen da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929, a nan kuma dogo ya ƙare. Saboda haka duk gujiyar da aka noma a ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa, in dai ta Turawa ce, ba ta da mafita sai tashar Ƙaura. Turawa ba don su ci suke nemanta ba, mai suke tatsa su yi sabulu da man shafa wa burodi a Ingila da Faransa, tunkuzar kuma su ba dabbobinsu. Manomi kuwa dole ya noma, domin haraji da kuɗi ake biyansa, ba da dame ba.

To, bari mu koma gona. Idan ruwa ya ɗauke wajen watan Oktoba, maza kan bi kunya-kunya suna tugewa, a kife ta 'ya'yan suna kallon sama don ta sha rana. Wanda bai sani ba sai ya ce aiki ya ƙare, alhali yanzu aka fara. Idan ta bushe sai a tattara, a tsige 'ya'yan daga jikin ganye, ko a buga da sanda. Ganyen nan shi ne harawa, kuma ba a wasa da ita, a kan ɗaure ta a ɗora bisa itace ko rufin soro, domin idan bazara ta yi tsanani ita ce abincin tumaki da doki, wani lokaci ma kuɗinta ya fitar da mai gida kunya. Bayan masu gona sun tashi sai tsofaffin mata da yara su shiga kala, suna tonon wadda ta maƙale a ƙasa. Kakata ta ce da kuɗin kala ta sayi tasarta ta farko ta jere, kuma ba ta taɓa jin mai gonar da ya hana ba, don ana ganin hana kala rowa ce mai kore albarka.

Sa'an nan sai ɓara, wadda ita ce uwar wahala. Kamfanoni ba su sayen gujiya da kwanso, tun da kwanso nauyi ne na banza a jirgi. Iri kawai ake ɓarewa da hannu, da dare, ana hira. Ta sayarwa a turmi ake zuba ta, mata su yi ta sussuka da taɓarya a hankali, su sheƙe a iska, su bakace da faifai, su tsince tsakuwa da ruɓaɓɓiya. Duk wannan cikin hunturu ake yinsa, hannu ya tsage, ƙura ta shaƙe maƙogwaro. Amma turmi yana fasa ƙwaya, fasasshiyar ƙwaya kuma manta kan yi saurin lalacewa kafin ta isa Turai. Don haka a shekarun 1950 hukuma ta sa ƙarin kuɗi a kan gujiyar da ba ta farfashe ba, aka kuma yaɗa ƙaramin injin ɓara na hannu. A ganina a nan ne wani abu ya suɓuce wa mata. Da, mai sussuka tana da ladanta, ko da mudu ne da tsintuwar da ke cikin ƙaiƙayi. Da inji ya zo sai ya zama na mai kuɗi, maza ke juya shi, su ke karɓar lada.

Wani abin da ya faru a nesa shi ma ya shafi aikin. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Bincike ya nuna guba ce daga fumfunar da kan kama gyaɗar da ba ta bushe sarai ba. Daga nan malaman gona suka ƙara matsa wa manoma a kan shanya, masu duba amfanin gona kuma suka ƙara tsanani a bakin sikeli.

Daga ƙauye jakai da raƙuma ke kawo ta Ƙaura, daga baya motoci suka shigo. A bakin sikeli akwai 'yan baranda masu tare manomi tun kafin ya iso, da wakilan kamfanoni irin su U.A.C. da John Holt, da Kwarori. Tun daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanka farashi kafin a buɗe kaka, a 1954 kuma aikin ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Dalilin da aka bayar shi ne a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. Gaskiya ne an kare shi a wasu shekaru, amma a mafi yawansu ƙasa da farashin duniya aka biya shi, rarar kuma gwamnati ta yi ayyukanta da ita. Ba na musun an yi makarantu da hanyoyi, sai dai ina tambaya, nawa ne daga ciki ya komo ƙauyukan Zurmi?

Kakana na wajen uba ya yi dako a tashar Ƙaura yana saurayi. Ya ce da gudu ake hawa dala da buhu a ka, ana waƙa, wanda ya tsaya hutawa a tsakiya ya tare wa na baya hanya. Mu yau muna alfahari da hoton dalar gyaɗa, amma shi dariya yake yi. Ya ce dala alama ce ta jirgi ya kasa. Haka kuwa abin yake, domin ƙarancin wagunu da kawunan jirgi bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sa kaya suka riƙa taruwa, a lulluɓe da tamfol, wani lokaci har sabuwar kaka ta tarar da tsohuwa ƙwari na ci.

A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Rushewar ba ta ɗauki lokaci ba. Fari ya afka daga 1972 zuwa 1974, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonaki, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati da na samari. A 1986 aka soke hukumomin ciniki baki ɗaya.

Abin da ya tsira shi ne wanda ba a taɓa sa shi a lissafi ba, watau sana'ar mai a cikin gida. Har yanzu mata kan soya gujiya, su murje, su fece, a kai inji a niƙo, su zuba a turmi suna juyawa suna ɗiga ruwan zafi har mai ya taso, su matse tunkuza, su mulmula ƙuli-ƙuli, wanda tsofaffinmu ke kira ƙarago, su soya shi a cikin mansa. Da wannan ake yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, da shi ake zubin adashi.

Sai dai yanzu gujiyar ce ke wuyar isowa gida. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar nan, a ƙauyuka da yawa sai an tara musu kuɗi kafin a shuka, a sake tarawa kafin a cire. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na Zamfara, aka kuma katse layukan waya, daidai lokacin da kaka ke ƙaratowa. A bara da na je hutu, na tarar ƙanwar mahaifiyata, wadda ta taso daga ƙauyensu na ƙasar Zurmi ta zauna Ƙaura, tana sayen gujiya tiya-tiya a kasuwa don ta yi mai. Gonarsu tana nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a babur, shekara uku ke nan ba wanda ya taka ta.