Ina Takin Sufa Ya Shiga? Tarihinsa Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Alkamar Kura

A zauren mahaifina a Kura akwai wani tsohon buhu da ake shanya kuɓewa a kai. Rubutun jikinsa ya kusa gogewa, amma ana iya karanta sunan Kaduna. Buhun takin sufa ne. Da na tambaye shi yaushe rabonsa da sayen irinsa, dariya ya yi, ya ce tun ban shiga firamare ba.

Sufa ya riga ruwan Tiga zuwa ƙasar Kano. Wani Bature mai suna John Lawes ne ya yi masa rajista a Ingila a 1842, bayan ya gano cewa zuba asid a kan ƙasusuwa na sa tsiro ya iya shan sinadarin fosfaras da ke cikinsu. A nan kuwa gyaɗa ce ta jawo shi. Gwaje-gwajen Samaru tun zamanin Turawa sun nuna ƙasar Arewa na da ƙarancin fosfaras. Ita gyaɗa tana samar wa kanta naitirojin ta saiwarta, don haka abin da ta fi buƙata shi ne sufa, wanda ke ɗauke da fosfaras da farar wuta da alli, masu sa ƙwaya ta cika ɓawo. Zamanin dalar gyaɗa, shi ne takin da malaman gona suka fi tallata wa manoma.

Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, kuturun gyaɗa ya biyo baya a 1975, dala ta rushe. A daidai lokacin ne aka kammala madatsar Tiga, a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, masana'antar sufa ta gwamnatin tarayya ta fara aiki a Kaduna, gwamnati kuma ta sa tallafi mai tsoka a kan taki. Manomin damina ya koma manomin rani, alkama ta samu gindin zama, musamman bayan hana shigo da ita a 1987.

Alkama ana shuka ta ne a watan Nuwamba, hunturu na kamawa. A ƙasa mai sanyi saiwa ba ta saurin shan fosfaras, shi kuma ba ya yawo cikin ƙasa kamar yuriya: inda aka ajiye shi, nan zai zauna. Dole a sa shi lokacin shuka, kusa da iri. In aka makara, tsiron ba zai yi 'ya'ya da yawa ba, zangarniya ta fito 'yar ƙarama, ko da an bi ta da yuriya buhu-buhu.

Matsalar ita ce aikin sufa ba ya fitowa a ido da wuri. Yuriya cikin mako guda take mayar da gona shar, har maƙwabci ya yaba. Sufa sai ranar awo ake gane shi. Da aka janye tallafi a 1997, manomin da kuɗinsa bai kai buhu biyu ba ya zaɓi wanda zai gani da idonsa. Masana'antar Kaduna ita ma ta durƙushe.

Yau fosfaras yana zuwa mana ne a cikin kamfa. Bayan yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da Maroko a 2016, aka riƙa haɗa 20:10:10 a cikin gida, fosfaras ɗinsa rabin naitirojin. Alhali akwai dutsen fosfat kwance a Sakkwato da Tahoua.

Bana na roƙi Baba ya ware mini kwami biyar, mu sa musu takinsu tun ranar shuka, sauran a yi yadda aka saba. Ya amince, da sharaɗi guda: a watan Maris shi zai riƙe kwanon awo.