Randa da Laso: Yadda Damagaram ta Riƙe Ruwanta

Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, shi ya sa rijiyoyinsa ba su taɓa wadatar da jama'arsa ba. Faransawa sun mai da shi babban birnin mulkinsu na Nijar a 1911, amma a 1926 suka kwashe zuwa Yamai, ƙarancin ruwa kuwa yana cikin dalilan da aka bayar. Mutanen gari dai ba su tashi ba. Baya ga rijiya da tabki, abin da ya zaunar da su shi ne sanin yadda ake sa ƙasa ta riƙe ruwa.

Rabin wannan sani yana hannun mata maginan tukwane, musamman na Mirya, wadda ke kimanin kilomita 18 daga birni. Sukan haƙo yumɓu, su jiƙa, su tattake shi da garin tsoffin tsingaro don kada ya tsage a wuta. Daga nan a gina tulu na ɗaukar ruwa, da kwatarniya mai faɗin baki ta wanka da wanki, da randa, wadda ita ce uwarsu. Sai sun bushe sarai a inuwa kafin a tara su a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu a gasa. Mai saye yakan ƙwanƙwasa da yatsa. In ta yi ƙara tangaran ya biya, in ta amsa a dakushe ya san da tsaga.

Randar kirki ba ta toshe ɗungurum. Takan yi gumi kaɗan ta jikinta, iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi ko a tsakiyar bazara. Don haka ake girke ta a inuwa bisa yashi mai laima, da faifai a bakinta da moɗa a kai.

Ɗaya rabin na maza ne, magina, su kuma bukatarsu kada ko ɗigo ya wuce. Maganinsu laso. Ana kwaso katsi, wato laka da tokar da ke taruwa a gindin rijiyar rini, a busar, a ƙona, a daka. Sai a kwaɓa shi da gashin awaki daga majema da ruwan saiwar dafara mai yauƙi, a shafe wuri da shi, a goge har ya yi santsi. Da laso ake shafe rijiyoyin marina su riƙe ruwan baba shekara da shekaru, da shi kuma ake kare rufin soro, ruwan sama ya gangara ta indararo. Sana'a uku ke nan suka haɗu a kwaɓi ɗaya: marini da majemi da magini. Garin da ba shi da marina ba ya samun laso cikin sauƙi, shi ya sa aka fi ganinsa a fada da gidajen attajirai. Talaka yakan wadatu da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Siminti ya kori laso, kuma da marina suka ragu katsin kansa ya yi wuya. Bidon roba ya karɓe aikin tulu, don ba ya fashewa in ya faɗo daga jaki. Randa ce kaɗai ba a samo mata magaji ba. Tana nan a ƙofar masallatai da zaurukan unguwa, cike da ruwan sadaka ga mai wucewa.