Tarihin Nauyin Harsashi a Dajin Adar da Majiya

Ƴan uwa na gida da na ci-rani, a wannan fitowa za mu waiwayi wani ilimi na mahalba wanda ke neman ɓacewa, wato sanin harsashin da ya dace da kowace dabba. Samarinmu da ke dawowa daga Abijan, Legas da Libiya suna ta zancen manyan bindigogin farauta da ake kira magnum. To kafin wani ya zuba kuɗinsa, ya kamata mu ji yadda magabata suka yi.

A zamanin da, mahalbin Adar kwari da baka ya sani. Yakan shafa wa kibiya dafin kwankwani, dafin ne ke kada nama ko da kibiyar ba ta shiga sosai ba. Da bindigar toka ta iso ta hannun fatake sai lissafi ya sake, don ita ba ta da dafi, nauyin abin da aka ɗura mata shi ne ƙarfinta. Ana zuba albarushi ta baki, a danna tsumma, sannan a sa dalma ko guntayen ƙarfe da maƙera suka sara. In zabo ko zomo ake nema, sai a zuba ƙanana da yawa don su watsu. In barewa ce ko kura, ƙwaya ɗaya mai nauyi ake sawa. Wanda ya cika ɗuri kuwa, bindigar kan fashe a hannunsa.

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, mutanen ƙasar nan suka ga irin bindigogin Faransa. Akwai Gras ta 1874, harsashinta dalma ce mai giram 25, tana gudun mita 450 a daƙiƙa. Akwai kuma Lebel ta 1886, nata giram 15 ne kawai, amma gudunsa ya wuce mita 600. Daga nan aka gane cewa harsashi marar nauyi ya fi sauri da miƙewa, mai nauyi kuwa ya fi saurin sunkuyawa ƙasa amma dukansa ya fi ratsa jiki.

A kan wannan lissafi aka ƙera magnum. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 Magnum da harsashi iri uku: mai giram 15 don ƙananan namun daji daga nesa, mai giram 17 da rabi don matsakaita, da mai giram 19 da rabi don ɓauna da giwa. A 1963 Amurkawa suka fito da .300 Winchester Magnum, wadda yawancin harsasanta ke tsakanin giram 10 da 13. In aka harbi babbar dabba da marar nauyi, yakan tarwatse a kan ƙashin kafaɗa, dabbar ta gudu da rauni ta je ta mutu a duhuwa, ta zama mushe, babu mai ci. In kuma aka harbi ƙarama da irin wannan ƙarfi, rabin naman ya lalace, harsashin ya fita ta ɗaya gefen ya ci gaba da tafiya fiye da kilomita guda. Ashe abin da Bature ya auna da sikeli, sarkin bakanmu ya riga ya auna shi da tafin hannu.

Yanzu mu dubi dajinmu. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe itatuwa, gonaki kuma suka hau tudu har kan duwatsu. A 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. A 1984 aikin raya karkara na Kaita ya fara da taimakon Italiya, matanmu suka ɗauki duwatsu a ka, aka farfaɗo da fako mai yawa. Itatuwa sun dawo, amma manyan namun daji ba su dawo ba. Daga Madawa zuwa Kaita, zabo, zomo, fakara da dila su ne abin da mahalbi ke gamuwa da shi. Waɗannan kuwa bindiga lamba 12 da kartushi mai ƙananan ƙwayoyi ta ishe su, kuma ƙwayoyin ba su da nisan tafiya. Magnum a tsakanin gonakin albasa da garken makiyaya hatsari ne ga yaran da ke kiwo.

Mu tuna kuma da dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998. Ba a farauta sai da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji, kuma akwai dabbobin da aka hana taɓawa sam. Riƙe bindigar ma sai da izinin hukuma.

Muna roƙon dattawan mahalba da suka rage su zauna da samari su koya masu awon ɗuri, da sanin dabba mai ciki, da lokacin da ake rataye bindiga. Ku kuma ƴan ci-rani, ku tambayi manya kafin ku saya. Allah ya ba mu damina mai albarka.