Idan ambaliya ta auku: yadda ƙananan hukumomin Nijar ke aiki da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin agaji

A Nijar, idan ruwa ya ci gari, ƙofar ƙaramar hukuma ake fara bugawa. Ita ta fi kusa da talakawa, ita ta san unguwar da ke cikin kwari da gidan laka da ba zai jure ruwan Agusta ba. Sai dai kasafin kuɗinta bai kai ya ciyar da dubban mutane ba. Shi ya sa aikin gaggawa ya zama na taron dangi.

Aikin yana farawa tun kafin bala'i. A ƙauyuka da dama akwai kwamitocin gargaɗi da ake kira SCAP-RU, masu sa ido kan damina, farashin hatsi da lafiyar dabbobi. Rahotonsu yana zuwa ofishin OSV na ƙaramar hukuma, daga nan ya wuce gunduma da jiha, har ya kai hukumar DNPGCA da ke ƙarƙashin ofishin firaminista. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka taimaka wajen kafa da horar da da yawa daga cikin waɗannan kwamitoci.

Ranar da ruwa ya zo, ƴan kwana-kwana su ke ceto. Ƙaramar hukuma, tare da masu unguwanni da hakimai, ta ƙidaya gidajen da suka rushe, ta buɗe makarantu domin saukar da jama'a. Da wannan jerin sunaye ne ƙungiyoyi irin su Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, ke raba tabarmi, bargo, gidan sauro da maganin tsabtace ruwa. Idan jerin ya gurɓace da son kai, taimako ya tafi gidan da bai rushe ba.

Ƴan kasuwa kuwa su ke da manyan motoci, rumbunan ajiya da kwale-kwale. A wurinsu gwamnati ke sayen wani kaso na hatsin da hukumar OPVN ke adanawa, wanda ake rabawa kyauta ko a sayar a farashi mai rahusa. Gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara su ke isar da gargaɗi cikin harsunan ƙasa.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada wannan tsari. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, alhali jan gargaɗi yana farawa daga 620. A 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A Afrilun wannan shekara aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, nauyin haɗa kan masu taimako ya koma wuyansu.

Inda aka zauna tun bazara aka san wurin da za a sauke mutane, motar da za ta ɗauki kaya da wanda zai riƙe jerin sunaye, agaji yakan iso da wuri.