Farin Sha'ir da Saƙon da Ke Komawa Fada

Ganyen sha'irin da ake kira albostrians ba abin da manomi zai so gani a gonarsa ba ne: wani fari fat, wani mai ratsin fari da kore. Amma da shi ne Bradbeer na Landan da abokan aikinsa Börner da Hagemann na Jamus ta Gabas suka ɗaga wata magana a 1979. A farin ganyen, kuloroplas, wato ɗan koren ɗakin da ke sarrafa hasken rana ya zama abinci, ya lalace. Abin mamakin shi ne cibiyar ƙwayar halitta, wadda lafiyarta ƙalau, ita ma ta rage aiko da furotin ɗin da ɗakin ke buƙata. To wa ya kai mata labari?

Kafin nan, an ɗauka umarni daga cibiya kawai yake fita, kamar daga fada zuwa ga hakimi, tunda a can aka ajiye mafi yawan ƙwayoyin gadon da ke gina furotin kusan 3,000 na kuloroplas. Sha'irin ya nuna hakimin ma yana aike.

Neman ɗan aiken ne ya ci shekaru. A 1993 Joanne Chory da abokanta a Cibiyar Salk ta Amurka suka jiƙa 'yan tsiron Arabidopsis da norflurazon, maganin kashe ciyawa da ke mai da ganye fari, suka tsinto waɗanda cibiyarsu ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Kurame ne, saƙon bai isa ba. Suka raɗa musu suna gun. A 2003 aka ce an kama ɗan aiken, wani sinadari da ake samu a hanyar haɗa koren launin ganye. A 2008 ƙungiyoyi biyu suka auna shi da kyau, suka tarar ba ya taruwa yadda aka faɗa. Ni dai wannan gardamar ta fi burge ni a duk tarihin, don da ma'auni aka raba ta, girman sunan kowa bai yi aiki ba.

Amsa mafi gamsarwa daga ƙasar fari ta zo. A 2011 ɗakin binciken Barry Pogson da ke Kanbera ta Ostireliya ya nuna cewa a lokacin damshi, wani furotin mai suna SAL1 yana rushe sinadarin PAP tun bai yi yawa ba. Idan ruwa ya yanke, rana ta yi tsanani, sai SAL1 ya raunana, PAP ya taru, ya fita daga kuloroplas ya isa cibiya, ya sa a buɗe ƙwayoyin gadon jure ƙishi. A 2017 suka ƙara gano cewa PAP ɗin nan yana cikin masu sa ƙananan kafofin ganye su tsuke bakinsu don kada ruwa ya tsere.