Barka da Me? Tarihin Ranakun Hutunmu

Jama'a, kowace "barka" akwai labari a bayanta. Garin nan na Jalingo, Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi a 1893, iyayenmu kuwa fatauci da almajiranci suka kawo su. Da gaisuwa suka sami wurin zama. Mu ce "Barka da Sallah", Fulani masu gari su ce mata Juulde, abin dai ɗaya ne: Ƙaramar Sallah godiya ce ga Allah da Ya nuna mana ƙarshen azumi, Babbar kuwa tunawa da layyar Annabi Ibrahim (AS). Maƙwabtanmu Kiristoci, Mumuye da Jukun, mu aika musu da nama, su ma ranar 25 ga Disamba sai ga shinkafar Kirsimeti ta shigo gida. Yau wannan kwanon ya rage zirga-zirga, kuma ba tsadar shinkafa kaɗai ta jawo ba.

To, ranakun gwamnati fa? Su ba su da gaisuwa, sai dai yaranmu su ce "yau babu boko". Alhali 1 ga Oktoba, 1960, ita ce ranar da Ingila ta sakar mana mulki, kamar 4 ga Yuli, 1776, a wurin mutanen Amurka. Ranar Dimokuraɗiyya a da 29 ga Mayu ce. A 2018 Shugaba Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen Abiola na 1993 da Janar Babangida ya soke. Babangidan nan dai shi ne ya yanko Taraba daga Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, Jalingo ta zama babban birnin jiha.